Naman Ɗaki Na Uku

Ranar Talata, wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, Malamar Awo ta tura ƙofar ɗakin sanyi na uku ta sa ƙafa ciki, sai ta ja ta tsaya. Shekararta shida ke nan a ɗakin gwaji na kamfanin shirya nama, kuma duk ranar da ta shiga ɗakin sanyi nan take kunnuwanta ke fara zugi. Yau babu abin da ya taɓa mata kunne. Iskar ɗakin mai daɗi ce kawai, irin ta gindin bishiya da hantsi, ga kuma kwali ɗari da ashirin na nama jere har kusa da silin.

Ta leƙo waje ta duba agogon sanyin da ke manne a bango. Digiri biyu yake nunawa. Takardar da mai gadi ke cikawa safe da yamma tana rataye a gefensa, biyu, biyu, biyu, tun daga sama har ƙasa. Ta koma ciki ta ɗaga kai. Fankar injin ba ta juyawa. Ƙanƙara ta dunƙule a kan bututun sanyi, wayar da ke kai wa agogon labari kuwa ta nutse a tsakiyarta. Ashe kwana da kwanaki sanyin ƙanƙara agogon yake aunawa, ba na ɗaki ba.

Ta buɗe wani kwali na tsakiya ta ciro 'yar na'urar da take sakawa a kowane kaya, wadda ke rubuta zafi da sanyin da naman ya sha. Ta fito, ta ja ƙofa, ta datse da kwaɗo, ta jefa makullin a aljihun farar rigarta. A ɗakin gwaji ta jona na'urar da kwamfuta. Layin ya kwanta a ƙasa kwana biyu, sannan ya tashi ya hau tsakanin digiri sha huɗu da sha shida, ya yi zamansa a nan kwana goma cur.

Ga yadda aikin kamfanin yake. Mahauta su yanka su gyara, a niƙa na niƙawa, a zuba a leda mai kauri, inji ya zuƙe iskar ciki tas ya liƙe bakin. Daga nan a loda a mota zuwa gidan haske, can bayan gari, inda ake wucewa da kwalayen ƙarƙashin wani haske mai ratsa leda da nama yana kashe ƙwayoyin cuta. Sai a dawo da su sanyi. Tun da aka fara haka, naman da a da ba ya wuce kwana biyar ya koma yana kai mako uku, Manaja kuwa duk baƙon da ya zo sai ya sha wannan labari a bakinsa. Kayan ɗaki na uku na wani babban otal ne da ya ɗage karɓa har sau biyu, shi ya sa aka rufe ɗakin babu mai shiga. Yau ƙarfe sha ɗaya motarsu za ta zo.

Ta buga layin a takarda ta nufi ofishin Manaja.

Manaja mutum ne mai son a gama magana a tsaye. Ya duba takardar, ya duba agogon hannunsa, ya ce, "Malama, ƙarfe sha ɗaya fa motar otal za ta iso."

"Ta iso lafiya, ranka ya daɗe. Amma ba za ta ɗauki ko leda ɗaya daga ɗaki na uku ba."

"Naman ya lalace ne?"

"Ban ga alama ba."

"Ledojin sun kumbura?"

"Ko ɗaya."

Ya shimfiɗa hannuwa. "To me muke magana a kai? A kira mini Kawu."

Kawu shi ne shugaban mahauta, shekararsa arba'in da wuƙa a hannu. Duk kamfanin Kawu ake ce masa, amma ita kawunta ne na gaske, ƙanin mahaifiyarta, kuma da yake sunan uwarsa aka sa mata, bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ya shigo yana goge hannu a gaban rigarsa, mai sito na biye da shi. Malama ta fita ta ɗauko leda ɗaya daga ɗakin, ta sa safar hannu, ta ajiye ta a faranti a kan tebur. Ta miƙa wa Kawu safa. Ya harare ta, amma ya saka.

Ya zaro wuƙa ya tsaga ledar, ya jira ta sha iska, ya kai hanci. Ya danna naman da babban yatsa ya ga yadda ya dawo. A gabansu launin ya tashi daga duhu ya koma ja mai kyau.

"Wannan nama lafiyarsa ƙalau," in ji Kawu. "Da na rumfata ne, da shi zan sa a gaba."

Manaja ya kalle ta da murmushi.

"Na yarda, Kawu," ta ce. "Hancinka bai yi ƙarya ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan."

"Ikon Allah. Nama ya yi kyau ma laifi ne?"

"Kawu, in tambaye ka. Me ke sa nama wari?"

"Zafi mana."

"Zafi ke tada su, amma ƙwayoyi ne ke yin warin, su ke yin yauƙin nan da koren nan. 'Yan tsegumi ne, da an bar nama a zafi sai su tona asiri. Kai kuma da su kake aiki shekara arba'in, su suke ba hancinka labari. To mun kai naman gidan haske, haske ya kashe 'yan tsegumin."

"Ai shi muke so," in ji Manaja.

"Shi muke so, muddin akwai sanyi. Akwai wata ƙwaya da hasken da muke amfani da shi ba ya iya mata. Tana cikin ƙasa, tana cikin hanjin dabba, duk tsaftarmu wata rana sai 'yar kaɗan ta biyo nama. Idan ta ga wuya sai ta shige wani ɓawo mai tauri ta yi barci, haske ya wuce ta kanta ya tafi. Ba ta son iska ko kaɗan, mu kuma mun zuƙe mata iskar. Waɗanda za su yi mata cunkoso su hana ta sakewa mun share mata su. Abu ɗaya ya rage yana danne ta, sanyi. Digiri uku zuwa ƙasa, barcinta take. Mun ba ta digiri sha biyar kwana goma."

Kawu ya ajiye wuƙar. "In ta farka sai me?"

"Sai ta zuba guba a naman. Ciwon da gubar ke kawowa botulizim ake ce masa. Ba ta da warin da za ka dogara da shi, ba lallai ta canza launi ba. Jijiyoyi take kamawa, ta fara daga ido da maƙogwaro ta gangaro ƙasa. In ta kai ƙirji mutum ba ya iya numfashi da kansa."

Manaja ya ja kujera ya zauna, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Amma otal ai dafawa za su yi," ya ce.

"Tafasa mai kyau na kashe gubar, wannan gaskiya ne. Za ka iya yi mini rantsuwa a kan kowane kuku da ke kicin ɗinsu? Wani baƙon da jini-jini yake son namansa. Wani kukun ɗanyen niƙaƙƙe yake ɗanɗanawa ya ji gishiri. Ruwan leda ya ɗiga a kan katakon da za a yanka ganye."

"A mayar da shi gidan haske."

"Hasken bai kashe mai barcin ba, ba kuma zai wanke gubar ba."

"A daskarar da shi fa?"

"Sai mu ajiye guba a ƙanƙara, ta jira mu."

Manaja ya shafa fuska. "Malama, ki gaya mini tsakani da Allah. Kin tabbata akwai gubar nan a ciki?"

"Ban tabbata ba. Wataƙila leda ɗaya ce cikin ɗari, wataƙila babu ko ɗaya. Abin da na tabbata shi ne babu wanda zai iya nuna maka wacce ce, daga ni har Kawu. Zan aika samfur babban ɗakin gwaji, sakamako sai bayan kwanaki. Ko sun ce waɗanda na aika ba su da komai, ba su yi magana a kan sauran ba. Hannuna ba zai hau takardar fitar da kayan nan ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Manaja ya san idan babu sa hannunta mota ba ta fita ƙofa, ya kuma san shekara shida bai taɓa ganin ta riƙe kaya don nuna isa ba. Ya jawo waya zai kira otal.

A lokacin ne mai sito, wanda tun ɗazu yake tsaye bakin ƙofa yana murza hularsa, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, akwai magana. Kason naman ma'aikata na jiya da yamma, daga ɗaki na uku na ɗebo. Na ga akwai rarar kwali ɗaya a lissafin otal. Na ji kamar ɗakin bai yi sanyi ba, na ce zan faɗa da safe."

"Leda nawa?" in ji Malama.

"Ashirin da huɗu. Niƙaƙƙe ne."

"Ka rubuta waɗanda suka karɓa?"

"Na rubuta."

"Madalla. Kawo takardar. Faɗan sai anjima."

Kawu ya tuɓe safar a hankali. Shi ma ya karɓi leda ɗaya jiya, ya kai wa Inna matarsa.

"Uwata," ya ce, "ni har yanzu zuciyata ba ta gama yarda naman nan yana da wani abu ba. Amma ba zan yi gardama da ke a kan bakin 'ya'yan mutane ba. Ba ni akwatin ƙanƙara, babur ɗina na waje."

Aka tsayar da injuna, aka tara ma'aikata a zauren yanka. Malama ta hau kan wani akwati don na baya su gan ta, ta faɗa musu abin da ya faru a taƙaice, babu ɓoye-ɓoye, babu tsoratarwa. Kowa ya kira gida yanzu, a ce kada a buɗe ledar, kada a ba kare ko kyanwa, kada a jefa a shara. Wanda aka riga aka ci nasa ya zo ya same ta. Zauren ya kaure da kiran waya. Wani mahauci yana ta ihu, "Ki sauke tukunyar na ce! A'a, ba fushi nake ba!"

Kawu ya bi gida-gida da takardar a aljihu. Inda ba a ɗauki waya ba ya buga ƙofa. A wani gida ya tarar an tsaga ledar ana yanka albasa, ya karɓe har da katakon da wuƙar. Kafin ƙarfe biyu leda ashirin da ɗaya sun dawo ɗakin gwaji. Saura uku, kuma duk an cinye su tun jiya.

Ɗaya ta gidan Kawu ce. Malama ta kira Inna da kanta.

"Inna, naman jiya yaya kika dafa shi?"

"Yadda na saba mana. A miya na zuba, ya fi awa ɗaya yana tafasa."

Kawu, da ke tsaye kusa yana share gumi, ya karɓe wayar. "Shekara talatin ina ce miki kina dafa nama har ya manta sunansa. To yau na janye."

"Sai yau?" in ji Inna. "Ba ni 'yata mu yi magana."

Ta biyu ta mai shara ce, ita ma ta tafasa nata sosai don tsohuwarta ba ta da haƙora. Malama ta gaya wa gidajen biyu alamomin da za su lura da su, amma hankalinta ya kwanta a kansu. Ta ukun ce ta tsaya mata a rai. Ta Birki ce, direban motar sanyi, wanda tun asuba ya fita kai kaya, wayarsa kuma ba ta shiga.

Ƙarfe uku ya shigo harabar kamfanin yana fito. Dogo ne, mai barkwanci, ba ya wuce kowa bai tsokane shi ba. Malama ta tare shi tun bai gama rufe ƙofar mota ba.

"Naman jiya, wa ya dafa?"

"Ni da kaina. Na dunƙula shi na ɗora a kasko, juyi ɗaya nan, juyi ɗaya can, kamar yadda na ga kukun otal yana yi. Ciki ja, ruwa na fita. Malama, ba ki san daɗi ba."

"Wa ya ci?"

"Ni kaɗai. Uwargida ta ce ita ba kura ba ce, ta hana yara ma."

"Allah ya yi mata albarka. Ba ni makullin motar."

Ta yi masa bayani. Ya saurara, sannan ya buga ƙirji ya yi tsalle sau biyu. "Dube ni fa. Ni da na taɓa cin kifin da ya kwana uku a but ɗin mota?"

"Wannan ba irin wancan ba ne. Ba lallai ta murɗa maka ciki ba, kuma takan ɗauki yini ɗaya ko biyu kafin ta nuna. Idan ta tashi nunawa da ido take farawa, ba na so ta same ka a kan sitiyari."

Birki ya waiga wajen Manaja yana neman ceto. Manaja ya ce, "Ba ta makullin. Ku ɗauki motata ku je asibiti."

Likitar da suka samu mace ce mai 'yan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta haska idon Birki, ta sa ya bi yatsanta da kallo, ya haɗiyi ruwa, ya matse mata hannu, ya hura iska a wani bututu. Komai daidai. Malama ta miƙa mata takardar layin zafin, da bayanin yadda aka shirya naman, da lokacin da ya ci.

Likitar ta karanta har ƙarshe. "Da kowa zai zo mini da irin wannan, da aikina ya yi sauƙi. Yanzu ba ni da abin da zan yi masa magani a kai. Amma maganin gubar nan ba ma ajiye shi a nan, sai an nemo. Zan fara nema tun yau, zan kuma sanar da hukumar lafiya. Ina so ya kwana a nan."

Birki ya ce atafau shi ba zai kwanta a gadon asibiti da lafiyarsa ba. Aka yi aka yi ya ƙi. Sai Malama ta raka shi har gida, ta zauna da matarsa a tsakar gida ta rubuta mata a takarda da manyan baƙaƙe: ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta yi nauyi, baki ya bushe, haɗiya ta yi wuya, murya ta canza. Ko ɗaya ta gani, kada ta jira na biyu.

"Kada ki tambaye shi ko lafiya," ta ce mata. "Zai ce lafiya. Ki dube shi da kanki."

"Ai na san kayana," in ji matar, ta ninke takardar ta soke a ɗankwali.

Washegari rana ta ɗan ɗago, Malama na ɗaura takalmi, wayarta ta yi ƙara.

"Malama, ni ce matar Birki. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kama iska. Na matsa masa ya ce kofi biyu yake gani. Shayin ma ya kurɓa ya ƙi wucewa."

"Numfashinsa fa?"

"Yana yi daidai."

"To ki zaunar da shi, kada ki ƙara ba shi komai ta baki. Kawu ya fi kusa da ku, yanzu zai nemo mota ya zo. Mu haɗu a asibiti."

Ta kira Kawu, ta kira likitar. Lokacin da ta isa an riga an kwantar da Birki a ɗakin kulawa ta musamman, fatar idonsa ta sauko rabi kamar mai jin barci, amma hankalinsa garau. Da ya gan ta ya yi ƙoƙarin yin murmushi, bakin bai bi shi sosai ba.

"Malama," ya ce, muryar a shaƙe, "ku biyu ne. Ɗaya ma ta ishe ni."

Saboda neman da likitar ta fara tun jiya, maganin ya iso kafin azahar. Ta yi wa matar bayani a fili: maganin yana tare gubar da ke yawo a jini, amma inda ta riga ta kama sai jiki ya gyara da kansa, a hankali. A kwana biyun da suka biyo raunin ya sauko kafaɗu da hannuwa, har ba ya iya ɗaga cokali. Aka ajiye injin numfashi a gefen gadonsa, ana auna ƙarfin ƙirjinsa kowane 'yan sa'o'i. A rana ta uku awon ya daina sauka. Ba a kai ga jona masa injin ba. Kwana tara ta bututun hanci ake ba shi abinci.

Gidan Kawu da na mai shara babu wanda ko kansa ya yi ciwo.

Sakamakon babban ɗakin gwaji ya zo bayan mako guda. Cikin leda talatin da ta aika, biyu na ɗauke da gubar. Malama ta kai wa Manaja takardar, ta kuma sauka zauren yanka ta nuna wa Kawu, don ta san ba zai tambaya ba. Ya sa tabarau ya karanta da kyar, yana bin layin da yatsa.

"Biyun nan, da kika buɗe su, sun yi wari?"

"Ba ni na buɗe ba. Amma sun rubuta a nan ƙasa, babu wari, babu kumburi."

Ya cire tabarau ya ce, "Digiri nawa kika ce take farkawa?"

"Wata irin tana fara motsi da an wuce uku, a hankali. Wata sai an kai goma. Da zafi ya ƙaru, kwanakin da take buƙata sai su ragu."

"To naman da muke sayarwa a buɗe, wanda bai je haske ba?"

"Shi zai ruɓe ya kore ka tun kafin ta yi wani abu. Shi ya sa ba ka taɓa gamuwa da ita ba."

"Wato mu muka gyara mata ɗaki."

"Mu muka gyara, mu ne kuma za mu riƙe mata ƙofa. Aikin hasken yana da kyau, Kawu, cututtuka da yawa yake raba mu da su. Sanyin ne ba a wasa da shi."

Jami'an hukumar lafiya suka zo suka tsaya aka kwashe kayan ɗaki na uku kaf aka kai wurin ƙonawa. Suka bi takardun kamfanin ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta gargaɗi a kan agogon da aka dogara da shi daga waje, suka kuma rubuta cewa babu leda ɗaya da ta kai kasuwa. Otal ɗin ya yi fushi na mako biyu, sannan shugaban kicin ɗinsu ya zo da kansa ya ga wurin, ya ce a ci gaba da kawo musu.

Mai sito ya zaci korarsa za a yi. Malama ce ta ce a bar shi, tunda da bakinsa ya faɗi abin da ya yi a lokacin da faɗar ke da amfani. Aka ɗora masa shiga kowane ɗakin sanyi da ƙafarsa sau biyu a rana, ko da kaya ko babu, da ma'auni a hannu. Mai gyaran sanyi ya canza fankar, ya raba wayar agogo da bututu, ya sa ƙararrawa mai ƙara idan ɗaki ya haura digiri uku. Da aka zo sabunta rubutun jikin leda, Manaja ya so a sa maganar sanyin a baya da ƙananan baƙaƙe don kada ta ɓata hoton. Malama ta ce a gaba, da girman sunan kamfanin. Suka yi ta ja har kwana biyu, aka tsaya a kan rabin girman sunan, amma a gaba, da ja.

Birki ya yi kwana ashirin da uku a asibiti. Ya dawo aiki bayan wata biyu, ya rame, muryarsa ba ta gama dawowa ba, likita kuma ta ce kada ya yi tuƙi sai an ƙara wata guda. Zaman gida ya ishe shi, don haka Manaja ya haɗa shi da Malama, wadda ta fara zagaya shagunan da ke sayen kayansu tana duba firjinsu.

Shago na farko na wata hajiya ce mai kayan masarufi a bakin babban titi. Firjin gilashi ne mai kyau, ledojin nama jere a ciki, lemo a ƙasa. Malama ta gaishe ta, ta zura ma'auni tsakanin leda biyu ta jira. Digiri tara.

"Hajiya, kina kashe firjin nan?"

"Da rana kawai, in ciniki ya ja baya. Wuta tsada. Ai naman naku an ce an haska shi, ba ya lalacewa."

"Tun yaushe kayan nan suka zo?"

"Shekaranjiya."

"To za mu ɗauke su mu kawo miki wasu yau. Amma sai mun yi magana tukuna."

Hajiya ta riƙe ƙugu. "Yarinya, shekarata goma sha biyu ina sayar da nama a shagon nan, babu wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi."

Malama ta buɗe baki za ta fara, sai Birki ya ɗaga mata hannu. Ya jawo wani buhun shinkafa ya zauna a kai a hankali, ya jingina da kantar shagon.

"Malama, je ki duba na shagon gaba," ya ce da 'yar siririyar muryarsa. "Hajiya, a ba ni ruwa mara sanyi, don har yanzu a hankali nake haɗiya. Zauna in gaya miki dalili."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙo masa ruwan, ta jawo kujerarta kusa. Malama ta goge ma'auninta ta fita zuwa shago na gaba.